Fatalwar da ke Cikin Rumbun Yaya Idi

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu da hantsi, lokacin bazara, a zamanin Yaya Idi, ya san sallama ba ta da amfani. Ka yi ta rafkawa, ba mai amsa maka. Sai dai ka hangi Hajo matarsa tana kaɗa maka hannu, tana ɗora yatsa a baki, tana nuna rumbu. In ka kasa kunne, sai ka ji wata murya tana fitowa daga cikin rumbun, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana cikin tulu: "Sai ta ji an taka matakala... sai kuma shiru." Baƙo yakan ja da baya yana a'uziyya. Mu dai mun saba, mun san maigida ne ke aiki.

Ku da kuka san shi, na ga har kun fara murmushi. Ku yi abinku, ai ba ku kuka zauna da shi ba. Waɗanda ba su riske shi ba kuma, ku saurara. Yaya Idi wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce autarsu, Rakiya. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe Idi, yadda ake kiran malami da Faransanci. Da ya ajiye aiki ya dawo ƙauyenmu kusa da Tsarnawa, bai zo da mota ba, bai zo da ko ɗan maraƙi ba. Tsofaffin littattafan Faransanci ya kwaso, waɗanda ya ceto daga bakin gara a wani siton lakwal, sai rakoda guda mai cin kaset. Littattafan nan kuwa ba na lissafi ba ne, ba na magani ba. Duk na ban tsoro ne, waɗanda Turawan dauri suka rubuta: fatalwa, kaburbura, gidajen da ba kowa ciki amma ana jin tari. Ni kuma a lokacin mijina ya rasu, na dawo gida, aka ba ni ɗakin da ke kallon rumbun. Kun ga kuwa ba wanda ya kai ni shan wahalar wannan sana'a.

Yadda yake yi, ya riƙe littafi, idonsa na kan Faransanci, bakinsa na zubo Hausa, rakoda na ɗauka. Sai a kai kaset tashar Konni, wani mai shago ya juye shi, direbobi su watsa. Daga Konni har Badaguishiri ba motar hayar da ba ta san muryar Yaya ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Don mi Nasara kaɗai za shi ji tsoron da anka rubuta? Mu ma muna da gaban da ke hwaɗuwa."

To, me ya kai shi rumbu? Wai murya. Ya gwada ɗaki, zakara ya shiga kaset. Ya gwada zaure, jakin maƙwabta ya shiga. Ran nan ya leƙa babban rumbun nan namu na laka, wanda ake hawa da tsani a shiga ta sama, ya tarar hatsi ya ƙare. Ya yi gyaran murya a ciki, rumbu ya amsa masa. Shi ke nan, abin nema ya samu. Daga ranar bai sake ɗaukar ko kalma ɗaya a wani wuri ba. Ƙaramin rumbun ma ya gwada shi, ya ce ba shi da murya.

Sai dai rumbu ba don fatalwa aka gina shi ba. Da kaka ta yi, a cika shi da dammunan gero har wuya, aiki ya tsaya cik sai an cinye. Mutumin nan da ko gishiri ba ya so ya ji sosai a miya don maƙo, sai ga shi yana zagaya murhu yana cewa, "Hajo, ƙara tuwo mana, yaran ga ba su ƙoshi ba." Baƙi suka riƙa yaba masa, wai Mushe akwai tausayin iyali. Wane tausayi! Rumbu yake so.

Ga kuma dokarsa da ta fi komai ba ni haushi: ba ya leƙa gaba. Shafukan da bai kai ba yakan ɗaure su tam da robar taya, sai ya kunna rakoda yake zaro shafi. Na ce masa, "Yaya, ka karanta tukuna mana, ka san inda zance ya dosa, ka daina in'ina cikin kaset."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Auta, tsoro ba tuwo ba ne, ba a ɗumamensa. In na san abin da ke bayan ƙohwa, muryata za ta tona ni."

Shi ya sa in kun tuna, a tsakiyar labari sai ka ji ya bar fassara ya koma faɗa da mutanen littafi. "Ke wawuya! Kada ki buɗe! Ke ba ki da dangi ne?" Sai shiru, sai tsaki, sai ya ce, "To, ta buɗe," ya ci gaba. Ba wasan kwaikwayo yake yi ba, wallahi tsoron gaske ne. Matsoraci ne lamba ɗaya, shi ya sa ba ya taɓa littattafan nan sai rana ta ɗaga.

Abin da ya ci mini rai, har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta tafasa, shi ne idonsa. Cikin rumbu ba haske sai ɗan wanda ke saukowa ta baki in an ɗage jinkan da ke rufe shi. A haka yake tsugune yana ƙura ido kan baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero. A shekarar da ya fara babban littafin nan, wanda kuka fi sani, na matar da ke zaune ita kaɗai a saman bene, wani abu yana hawo mata matakala kaɗan-kaɗan, a shekarar ne muka lura yana zuba shayi a gefen kofi. Da ƙyar muka kai shi wurin likitan ido. Likita ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce abin da ya tafi ya tafi, saura ma yana kan hanya, sai dai a rage masa gudu. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce safe da yamma, ido biyu, kuma a bar karatu cikin duhu.

A mota muna dawowa na ce, "To, ka ji da kunnenka. Littahin ga kauri gare shi kamar tubali. Ka zauna tsakar gida cikin haske, ka ƙare shi tun kana gani."

Ya ce, "Tsakar gida ba ta da murya."

"To ka kwance robar ka karanta ma kanka, ko kai ka san ƙarshensa."

"In ci amanar mutanen tasha?"

Na kau da kai wajen taga don kada in yi saɓo a gaban fasinjoji. Bayan ƴan kwanaki sai na gano yadda yake yi da maganin: yau ido na dama, gobe na hagu, wai kada kwalbar ta ƙare da wuri. Na yi tsalle na dire, na ce, "Yaya, likita ido biyu ya ce!"

Ko gezau. Ya ce, "Ai can ciki suna haɗuwa. Duk kai guda ne."

Inna lillahi! Ka ji mutumin da ya karantar da ƴaƴan mutane.

Maƙonsa a kan pil, batir ɗin rakoda ke nan, wannan kam sai wanda ya gani. Ba ya yarda rakoda ta mayar da kaset baya, bik, wato biro, yake zurawa a ramin ya yi ta wulwulawa da hannu. In pil ya raunana, ya shanya shi a rana bisa rufin ɗaki, kusa da kuɓewar Hajo. In ya ƙi farfaɗowa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse. Ran da ya kai wurin da abin nan ya fara magana daga ƙasan bene, tun da safe na gaya masa pil ɗin nan sun mutu, sallarsu kawai ba a yi ba. Ya yi mini kunnen uwar shegu. Ya shiga, ya daɗe, ya fito sharkaf da gumi, yana cewa yau ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Wai wata murya mai kauri ya ba abin, wadda shi kansa sai da ta tayar masa da tsigar jiki.

Ni na kai kaset ɗin Konni ranar kasuwa. Mai shago ya sa shi a babbar rakodarsa mai aiki da lantarki, mutane suka matso. Ashe da pil ya yi rauni, a hankali kaset yake juyawa. Da aka sa shi inda yake gudu daidai, sai muryar Yaya ta koma siririya tana sauri, tsiyu-tsiyu, kamar ƴan tsaki sun ga tsaba. Abin da ya kamata ya firgita gari, ga shi yana magana da bakin ɗan tsako. Mai shago ya yi dariya har ya zame daga benci. Na ja mayafi na rufe fuska, na dawo gida ina huci.

"Sai ka sake shi," na ce.

"Ba ni sakewa. Na riga na san abin da ya ce."

"To a bar gari ya yi maka dariya?"

"Wa ya taɓa jin muryar hwatalwa, balle shi ce ba haka take ba?"

Abin haushin, sai da ya ci riba. Aka juye kaset ɗin haka nan, ya bi motoci. Ba a jima ba wata mata ta aiko daga Badaguishiri, wai Allah ya isa tsakaninta da Mushe, tun da ta ji muryar nan ba ta iya leƙa akurkin kajinta. Yaya ya kwana bakwai yana tafiya yana ɗaga kafaɗa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da gangan ya yi. Pil ɗin kuwa ya mayar da su bisa rufi.

Ni aikina ihu. E, ku yi dariya. Duk inda mace ta yi kururuwa a littafi, sai ya buga bangon rumbu, ni da ke zaune saman tsani in zura kai ciki in ƙwala. Da girmana, da furfurar da ta fara fito mini! Kuma bai taɓa yabawa ba. Kullum sai ya ce, "Wanga ihu na wadda anka taka ma zane ne. Ba ki taɓa ganin abin tsoro ba?" Na ce kullum ina ganinsa, cikin rumbu yake.

Wata rana farkon damina, yana cikin karatu, maimakon ya buga bango sai na ji ya ce a hankali, "Auta, miƙo hannu ki karɓi kohin ga." Na zura hannu cikin duhu da zuciya ɗaya. Sai na ji an ɗora mini wani abu mai sanyi, mai laushi, yana numfashi. Kwaɗo ne! Ashe tun safe yana ajiye da shi a aljihu, yana jiran wurin da za a buƙace shi. Ihun da na yi ran nan, ni kaina ban san ina da shi ba. Rumbu ya karɓa ya ninka ya watsa wa gari. Kafin in sauko daga tsani, gida ya cika, mata da taɓare, maza da hauya. Wani jandarma, ɗan sandan hanya, da ya tsaya shan ruwa a bakin titi shi ma ya ji, ya shigo yana ture mutane.

"Ina matar da ake kashewa?"

Na ce, "Ga ni. Mai laihin kuma yana cikin rumbu. Don Allah ku tahi da shi, kada ku maido shi."

Jandarma ya kama tsani ya hau, dum, dum, da manyan takalmansa. Kafin ya kai sama sai ga kan Yaya ya ɓullo, yana da ƙaiƙayi har cikin gira. Ko fuskar mutumin bai duba ba, kunne ya karkata wajen ƙafarsa.

"Shef, sannu da aiki. Takalmin ga naka yana da murya. Don Allah sauka ka sake hawa, amma sannu-sannu, kamar wanda ya mutu bara."

Na ce a raina yau dai Allah ya kama shi. Jandarma ya sha mur, ya ƙura masa ido, sai na ga fuskarsa ta fara sakewa.

"Tsaya. Kai ne mai kaset ɗin matar bene?"

"Ni ne."

"Abin nan ya kai sama kuwa?"

"In ka taimaka, yau za shi ƙara matsowa."

Jama'a, mutumin nan ya cire hula ya ba Hajo ta riƙe masa, ya sauka, ya sake hawa. Yaya ya ce ya yi sauri, ya sauka ya sake. Takun nan da kuke ji a kaset, wanda ke sa yara shigewa bayan iyayensu, na hukuma ne. Aka kawo wa shef fura ya sha, aka raka shi har titi. Ni da aka ɗora wa kwaɗo ko sannu ba wanda ya ce mini.

Haka muka yi ta jan littafin nan, bazara ta wuce, wata ta zo, shafukan da ke cikin roba suna raguwa, ido ma yana raguwa. Na riƙa auna su da juna kamar mai awon gero, ina ganin ido ya fi sauri. Ya fara kai littafin har kan hanci. Ya fara gaida turmi yana zaton Hajo ce zaune. Duk da haka in jakin maƙwabta ya yi kuka sai ya ce yau iska ba ta da kyau, ya fasa aiki.

Sai ga wata kaka ta zo mana da albarkar da muka daɗe ba mu ga irinta ba. Aka cika rumbu har jinka na ƙin zama. Kaset na ƙarshe da ya fita kafin nan ya tsaya ne daidai inda abin ya iso ƙofar matar, mariƙin ƙofa ya fara juyawa. Nan kaset ya yi ƙat.

Ba a yi sati ba sai ga mota ta baro titi ta tsaya a ƙofar gidanmu. Tanko ne, direban da ke jigila tsakanin Konni da Badaguishiri, motarsa maƙil da fasinjoji da buhunan albasa. Duk suka sauko suka shigo zaure.

Tanko ya durƙusa ya ce, "Mushe, mun zo ne a kan magana guda. Mi ke bayan ƙohwar nan?"

"Ban sani ba."

"Haba Mushe! Kai ke da littahin!"

Yaya ya ɗaga littafin ya nuna musu robar. "Ga shi ɗaure. Sai hatsi ya ƙare."

Wata tsohuwa daga cikin fasinjojin ta matso da sandarta ta ce, "Ɗan nan, ka dube ni. Ni ban da tabbacin kai bazara."

Ya ce, "Inna, ni ma idona bai da tabbaci. Amma doka doka ce."

Tanko, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "To ga shawara. Ga mu da yawa. Yanzu-yanzu mu hidda dammunan mu jera a zaure, ka shiga ka ƙare, mu maida su. Ko zangarniya guda ba ta ɓacewa." Na ji kamar in goya shi. Hajo ma ta ce ta yarda. Kowa ya fara naɗe hannun riga.

Sai Yaya ya ce, "A'a. Hatsin da anka rufe da bisimilla ba a hidda shi sai don ci. Ubanmu bai yi ba, ba ni yi."

Tabɗi! Yau kuma shi ne mai riƙon al'ada, mutumin da ya mai da rumbun ubanmu ɗakin fatalwa. Suka yi magiya, suka gaji, suka koma mota suna gunaguni. Tsohuwar nan tana hawa tana cewa in ta mutu ba ta ji ba, ita ma za ta hawo masa tsani.

A shekarar ban ji ya ce wa Hajo ta ƙara tuwo ba ko sau ɗaya. Ni na karɓi aikin. Ban taɓa kyauta irin ta wannan shekara ba. Mai jego, mai biki, baƙon da ya ɓata hanya, kowa sai na cika masa ƙwarya. Har aka fara ce mini uwar marayu, ni kuwa ba lada nake nema ba, gindin rumbu nake son gani. Duk da haka geron nan ya ƙi ƙarewa sai da bazara ta yi nisa.

Ran da aka share rumbun, da hantsi ya fito da littafi a hammata da rakoda a rataye, yana bin bango da hannu. Na riƙe masa tsani ya hau, ya sauka ciki. Na hau bayansa na cire jinkan gaba ɗaya na jefar ƙasa, rana ta zuba a kansa, har ina ganin zufa a sanƙonsa. Na ji ya kunna rakoda. Na ji ya zaro shafi. Sai shiru. Ko kalma ɗaya bai karanta ba.

"Auta."

"Na'am."

"Kin ɗage jinkan kuwa?"

Na dubi ranar da ke dukan shafin, fari fat. Na ce, "Na ɗage, Yaya."

Ya ce, "To." Ya kashe rakoda.

Wallahi ban san lokacin da na fara ba. Ina kuka ina zazzaga masa. Na ce ban gaya maka ba? Na tuna masa likita, na tuna masa maganin da ya yi wa rowa, na tuna masa Tanko da ya durƙusa a zaure. Na ce ga shi nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ka ja mutane shekara da shekaru, kai ba ka san ƙarshe ba, su ba su sani ba. Bai katse ni ba. Sai da na rasa abin faɗa ya ce, "Kin gama? To shigo. Ba banza na ja ki lakwal ba."

Gaskiya ne, ina ƙarama ya yi rigima da Baba har aka sa ni lakwal, na yi ƴan shekaru kafin a yi mini aure. Amma Faransancin nan ya yi tsatsa tun kafin a haifi wasunku. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Ke dai ki hurta, ni in maida shi Hausa." Haka na tattara zane na zura ƙafa cikin rumbu, gwiwoyina suna ƙara. Ya cire robar duka ya miƙo mini littafin, ya kunna rakoda.

Na karanta layin farko ina ɗingishi. Ya ce, "Kin kashe Faransanci, Allah shi jiƙansa. Ci gaba." Ya juya shi Hausa da muryar nan tasa. Na karanta na biyu, ya gyara mini, ya fassara. Muna tafe a haka har ƙofa ta fara buɗewa. Sai na ji ya damƙi wuyan hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau. Na karanta layi, na jira Hausa, ba ta zo ba.

"Yaya, hwassara mana."

"Bar su su jira! Karanta!"

Waɗanda ke da kaset ɗin ƙarshe kun san wurin. Akwai inda Hausa ta ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai wata mata tana gurgunta Faransanci da wani tsoho yana numfashi sama-sama, yana "Inna lillahi," yana "Ke, gudu mana!" Mutane sun yi ta ƙorafi a kan wurin nan. Daga baya ya koma ya ba su Hausarsu, amma ya hana a goge.

Da ya rage ƴan shafuka, na ƙara sauri don in huta. Ya matse hannuna ya ce, "Sannu-sannu, Auta. Ina kike sauri zuwa? Daga wanga ba ni da wani."

Sai a nan na gane. Ni ina ta faɗa ya ƙare tun yana gani, shi kuma ya san in ya ƙare, karatu ya ƙare masa ke nan har abada. Shi ya sa jaki ke hana shi aiki, shi ya sa ya kori Tanko. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ganin baƙaƙen, sai da na share ido da gefen zane. Na ja sauran a hankali yadda yake so, har muka kai layin ƙarshe. Kada ma ku tambaye ni abin da ke bayan ƙofar. Wanda bai ji ba ya je ya roƙi Tanko, ni dai sai da na yi wata guda ina tura turmi a bayan ƙyaurena.

Ya kashe rakoda, muka zauna cikin zafin nan. Na zaci kuka zai yi. Sai na ji yana ƴar dariya.

"Ashe haka kuke ji? Kai, abin da daɗi! Shekara da shekaru ina dahwa ma mutane, ban taɓa zama an zuba mini ba." Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama. "Auta, akwai wani ƙarƙashin gadona, mai jan bango. Gobe da hantsi."

Na ce, "Wallahi ba ni shiga rumbun ga kuma."

Washegari da hantsi ina ciki. Haka kowace bazara har ƙarshen ransa, ni da ciwon gwiwa, shi da gyaran baki, ga zafi, ga ƙaiƙayi, ga pil da aka shanya. Ko sau ɗaya bai ce na iya ba. Ranar da jikinsa ya yi nauyi har ya kasa hawa tsani, ya sa na zauna bakin gadonsa na karanta masa, yana ta mita wai ɗakin ba shi da murya, amma bai saki hannuna ba. Kwana kaɗan bayan nan ya cika, da hantsi, lokacin aikinsa.

Ya ba ni haushi, Allah ya sani, ba wanda ya taɓa ba ni haushi kamarsa. Kuma ba ranar da ba na kewarsa. Ya Allah, bawanka Idi matsoraci ne, kuma ya daɗe cikin duhu. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, kada ka bar shi shi kaɗai. In an ƙwanƙwasa masa, ka sa alheri ne a bakin ƙofa. Amin.